KUNDIN LAFIYA: AMFANIN ADANA TAKARDUN ASIBITI DA YIN AWO A BIRNIN ZARIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san darajar kundi. Da wuya a shiga zauren wani malami a Unguwar Kona ko Unguwar Juma ba a tarar da gafaka cike da takardun da aka gada tun kaka da kakanni ba, wasu har sun yi ja don tsufa, amma ba a yarda ko falle ɗaya ya ɓace ba. Abin mamaki shi ne, jama'ar da ta iya adana takardar da ta shekara ɗari, ita ce kuma za a ga ta ƙunshe ƙosai da takardar awon jinin da aka yi makon jiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kowane mutum yana bukatar kundin lafiyarsa a hannunsa, kuma awon da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje ba ya cika amfaninsa sai an adana sakamakonsa an gwama shi da na baya.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne halin da wani kawuna, maɗinkin manyan riguna, ya shiga. Cikin shekara huɗu, wurare uku dabam-dabam sun shaida masa cewa jininsa ya hau. Kowane wuri ya yanka masa sabon kati, ya rubuta masa maganin mako biyu, shi kuwa da ya ji ciwon kai ya lafa sai ya daina sha. Ranar da ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya tambaye mu sunan maganin da yake sha da adadin awonsa na baya. Iyakar amsar da muka iya bayarwa ita ce, "Wata 'yar farar ƙwaya ce." Da awo ya nuna ƙodarsa ta taɓu, likita ya so ya san ko tsohuwar matsala ce ko sabuwa, domin kulawar da kowace ke bukata dabam ce. Babu takarda ko ɗaya da za ta ba shi amsa.

Kati da Fayil

Mazaunin cikin ganuwa yana da wuraren neman magani da yawa. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da shagunan kemis. Akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Akwai asibitin mishan na Wusasa, da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye. Sa'an nan ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na Shika a 2005. Galibi mutum ɗaya yakan zaga uku ko huɗu daga cikinsu a kan ciwo guda.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Abin da ake miƙa wa majiyyaci kati ne mai ɗauke da lamba kurum. Bayanin ciwo da magani yana cikin fayil, fayil kuwa ba ya barin asibitin da aka buɗe shi. Ko inda aka soma shigar da bayani cikin kwamfuta, ba lalle ba ne wani asibitin ya iya ganinsa. Saboda haka tarihin ciwon mutum yakan warwatsu kamar hatsin da aka watsa wa kaji, kuma babu wanda ke halartar kowane zama da kowane likita sai shi majiyyacin kansa. Shi kaɗai ne zai iya tattara labarin wuri ɗaya.

Doka ma tana bayansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 1914 ba ita ake nufi ba, domin babu irinta. Wadda ake aiki da ita ita ce ta 2014, wadda ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye bayanin majiyyaci, ya rufa asirinsa, ya kuma sanar da shi halin da lafiyarsa ke ciki. Haka nan kuma, takardar haƙƙoƙin majiyyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta ambaci haƙƙin mutum na ya ga bayanan da aka rubuta a kansa, a kuma yi masa bayani da harshen da yake ji. Watau ba rashin kunya ba ne mutum ya ce, "Likita, don Allah a rubuta mini sunan ciwon da na maganin."

Abin da Kundi Zai Ƙunsa

Kundin lafiya ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da jakar leda mai kauri sun wadatar. A shafin farko a rubuta suna da shekarar haihuwa, da rukunin jini, da maganin da jiki ba ya karɓa, da aikin tiyata ko ƙarin jini in an taɓa yi, da cututtukan da aka sani a dangi. Daga nan, duk ranar da aka je asibiti sai a rubuta abu huɗu: kwanan wata, da abin da ya kai mutum, da abin da likita ya ce, da sunan magani tare da ƙarfinsa. Wanda bai iya boko ba yana iya rubutawa da ajami, ko ya yanke fatar kwalin maganin ya ajiye. Takardun awo, da hoton ƙirji, da katin awon ciki, da katin rigakafin yara, duk a jera su bisa kwanan wata. Mai wayar hannu kuma ya ɗauki hotonsu, saboda tsaron gobara da gara da ruwan damina.

Gwaje-gwaje Masu Sauƙin Kuɗi

Bahaushe yana da sunayen cututtuka masu faɗin ma'ana. Kalmar "zazzaɓi" ta haɗe duk wani zafin jiki, "shawara" ta haɗe cututtuka da dama masu sa ido ya yi rawaya, "basir" da "sanyi" kuwa kusan babu inda ba su shiga. Aikin awo shi ne ya rarrabe abin da harshe ya haɗe. Ga kaɗan daga waɗanda talaka zai iya yi:

Na farko, awon hawan jini. Wannan ba ya bukatar ɗiban jini, kuma ba ya wuce minti biyar. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku dabam-dabam, to akwai hawan jini, ko da mutum bai ji ciwon komai ba. Awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, domin tafiya cikin rana ko fargabar ganin likita na iya ɗaga shi. Jerin awo na watanni shi ke nuna wa likita ko magani yana aiki.

Na biyu, awon sukari. Ana yin sa da safe kafin karin kumallo, bayan an yi aƙalla awa 8 ba a ci komai ba. Idan ya kai 126, aka maimaita wata rana ya sake kaiwa, to ciwon sukari ne. Amma a lura, ma'auni biyu ake amfani da su a ƙasar nan: abin da wata na'ura za ta nuna 126, wata 7.0 za ta nuna, domin ana raba na farko da 18 ne a sami na biyu. Don haka a riƙa rubuta adadi tare da haruffan da ke gefensa.

Na uku, gwajin zazzaɓin cizon sauro. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sha maganin wannan zazzaɓi sai gwaji ya tabbatar da shi. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, sakamako kuma yana fitowa cikin kamar minti 20. Sai dai wannan gwaji na gaggawa yana iya ci gaba da nuna alamar cutar har makonni bayan an warke. Wanda ya rubuta ranar da ya sha magani zai taimaki likita ya gane haka, ya nemi dalilin zafin jikin a wani wuri.

Na huɗu, gwajin jinin gado, watau AA ko AS ko SS. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, kuma kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS ba tare da ciwo ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. A birni irin namu, inda auren zumunci ya yi ƙarfi, ya kyautu a yi wannan gwaji tun kafin magana ta yi nisa, ba sai an kai lefe ba. A 2024 Jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka. Jinin gado ba ya sauyawa, saboda haka takardar ta har abada ce, amma wanda aka yi wa ƙarin jini ya dakata kamar wata uku kafin ya gwada.

Na biyar, gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda kan zauna shekaru a jiki shiru kafin ya lalata hanta. Wanda aka samu ba shi da shi yana iya yin rigakafi. Mai ciki kuwa ya wajaba ta san matsayinta, kuma a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. A ƙarshe, mai hawan jini ko sukari ya riƙa awon fitsari da na ƙoda sau ɗaya a shekara, wanda kuma ya yi tari na mako biyu ya kai kakinsa a gwada, domin gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe.

Inda Ake Bukatar Hattara

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ba kowane shago mai farar riga ne ɗakin gwaji ba. Akwai hukumar da dokar 2003 ta kafa don yi wa ma'aikatan gwaje-gwaje rajista da sa ido a kan wuraren aikinsu, kuma mai biyan kuɗi yana da ikon ya nemi ganin shaidar rajista. Sakamakon da za a gina babban hukunci a kansa, kamar na aure, a maimaita shi a wani wuri dabam.

Har ila yau, ba kowane gwaji ne ya cancanci kuɗinsa ba. Misali shi ne gwajin taifot da ake kira Widal, wanda aka ƙirƙiro a Faransa tun 1896. Yin sa sau ɗaya ba ya tabbatar da komai, domin yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, ko wanda ke fama da zazzaɓin cizon sauro. Ta haka mutane da yawa ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, har ƙwayoyin su saba da shi. Babban abin kiyayewa dai shi ne, kundi ba ya mai da mutum likita. Takardar awo shaida ce, likita ne alƙali. Kuma kundi amana ne, ba a buɗe na matar gida ko na ɗan'uwa a zaure.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa fayil na asibiti ne, amma ciwo na mai shi ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga kuma cewa awo mai sauƙin kuɗi yana iya tona cutar da ke ɓoye, muddin an yi shi a wurin kirki, an adana takardarsa. Mu ɗalibai da malaman Hausa muna da namu aikin a nan: mu daidaita kalmomin awo cikin harshenmu, mu kuma zama marubutan kundi ga iyayenmu idan mun koma gida hutu. Kawuna yana nan da rai, yana tafiya da sanda, amma hannun da ke riƙe allura bai dawo ba. Littafinsa yanzu ya kai shafi na 30, kuma ba ya fita Ƙofar Doka zuwa asibiti sai da shi cikin aljihu. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.