Kafin Ka Kulle Motarka a Gareji Har Ƙanƙara Ta Narke

A Kanada da arewacin Amurka da Jamus, da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya sai ka ga motocin gudu irin su Porsche 911 da Chevrolet Corvette da Mazda MX-5 sun ɗauke ƙafa daga kan titi. Masu su sun kai su gareji sun kulle, sai kuma Afrilu in da rai. Daga cikin 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, waɗanda Allah ya hore wa irin wannan mota, akwai masu zaton ajiyar ba ta wuce a kashe inji a lulluɓa tamfol ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wata biyar a tsaye na iya yi wa mota ɓarnar da zirga-zirgar shekara guda ba ta yi mata ba.

Abin da ake gudu tun farko shi ne gishiri. Hukumomi na watsa shi a kan hanya don ya narkar da ƙanƙara, kuma Kanada kaɗai tana zubar da miliyoyin tan duk shekara. Ruwan gishirin nan yana maƙalewa a ƙarƙashin mota, ya yi ta cin ƙarfe da bututun birki a ɓoye, ga shi motar gudu dama cikinta dab da ƙasa yake. Sai taya. Wadda ake ɗaura wa waɗannan motoci ta lokacin zafi ce: in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarta ta fara sandarewa, ba ta kama titi, in ya tsananta har tsagewa wasu suke yi. A lardin Kebek ma doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da tayar hunturu za ka hau hanya.

Fara da takardu. A Jamus tun 1997 ana ba da lambar mota ta wasu watanni kawai. Za ka ga an rubuta 04 a sama, 10 a ƙasa, wato daga Afrilu zuwa Oktoba. In watannin sun wuce, ko ajiye ta a bakin titi laifi ne. A Ingila kuwa sai ka sanar da hukumar DVLA cewa ka janye motar daga hanya, sannan ka daina biyan harajinta. Amma kada rowa ta sa ka soke inshora ɗungurungum. Ka bar wadda ta shafi gobara da sata, domin mota a kulle ma tana ƙonewa.

Ranar ajiya, a wanke ta fes har ƙarƙashi, a bari ta bushe sarai. A juye baƙin mai a zuba sabo, domin tsohon yana ɗauke da dattin ƙuna da tsami mai cin ƙarfen inji in ya daɗe kwance. A cika tanki. Fetur ɗin da aka fi sayarwa a can ana gauraya shi da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa itanol jan laima yake yi daga iska. Tanki rabi kuma fili ne na raɓa da tsatsa. Akwai maganin da ake zubawa don kada fetur ya lalace, amma sai an ɗan zaga da motar na minti 10 zuwa 15 kafin ya ratsa ko'ina.

A kan lagireto sai an ja kunnen mutanenmu musamman, saboda a gida mun saba bakanike ya ɗebo ruwan famfo ya ɗura. A can wannan ganganci ne. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma hakan ya isa ya tsaga inji. Ruwan lagireto na musamman, in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, yana jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda kuma masu son motarsu ne suka fi yin sa: shiga gareji duk mako a tayar da inji na minti biyar, wai a ɗumama ta. Ƙonewar fetur tana fitar da tururin ruwa. Injin da bai ɗauki zafi sosai ba ba ya korar wannan tururi, sai ya koma ruwa ya kwanta a cikin salansa da cikin baƙin mai. Buɗe murfin wurin zuba mai na motar da aka yi wa haka, sau da yawa za ka tarar da wani farin kumfa mai yauƙi a jikinsa. Ruwa ne ya gauraya da mai. Ƙari a kan haka, wutar da tayarwa ɗaya ta zuƙe daga batir, minti biyar a tsaye ba ya mayar da ita. Mafi muni, hayaƙin salansa yana ɗauke da irin gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe iyali a ɗaki, ba launi ba wari, kuma gareji a can yawanci manne yake da gida. A ganina hukuncin a fili yake: ko ka fita da ita ka yi tafiya mai tsawo a kan busasshiyar hanya, ko ka ƙyale ta ta yi barcinta.

Batir kuwa ko ba a taɓa motar ba, kwamfutarta da na'urar hana sata suna shan wuta kaɗan-kaɗan. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6, kuma da wuya sanyi ya daskarar da shi. Wanda wutarsa ta yi ƙasa shi ne ke daskarewa har ya fashe. A haɗa shi da ƙaramar caja mai sa ido, wadda ke tsayawa da kanta in ya cika. In garejin ba wuta, a cire shi a kai wuri mai ɗumi, amma a duba littafin motar tukuna, don wasu motocin zamani sukan rikice in an yanke musu wuta.

A ƙara wa tayoyi iska fiye da yadda aka saba, ba tare da wuce iyakar da aka rubuta a jikinsu ba, don kada wurin da ya dafe ƙasa ya baje. Kada a ja birkin hannu, yana iya manne wa faifan saboda tsatsa. A sa weji a tare tayar. In mai buɗaɗɗen rufi ce, a ajiye ta da rufin a rufe.

Sai ɓera. Shi ma mafaka yake nema, kuma ƙarƙashin bonet ya fi masa ko'ina: ya yi sheƙa a matatar iska, ya gwigwiyi wayoyi, ya bar maka aikin da sai an yi kwanaki ana laluben inda wuta ta yanke. A share duk wani ɓurɓushin abinci daga ciki, a cusa sosan ƙarfe a bakin salansa, a ɗana tarko. In ka tarar da kashin ɓera a Arewacin Amurka, kada ka share shi a bushe, domin wasu ɓerayen can na ɗauke da ƙwayar cutar hantavirus mai kama huhu. A jiƙa shi da ruwan bilic, a sa safar hannu. Abin lulluɓi kuma ya zama yadi mai shan iska. Leda da tamfol tara raɓa suke yi, su dusashe fenti.

Mu na gida ma batun ya shafe mu ta fuska ɗaya. Motoci da yawa da ke shigowa ta Kwatano da Legas daga waɗannan ƙasashen gishiri suka fito, kuma ƙyallin fenti ba ya nuna abin da ke ƙasa. Kafin ka biya, sa a ɗaga ta ka leƙa da tocila.

Kai kuma mai ajiya, rubuta duk abin da ka yi a takarda ka manna a sitiyari. In Afrilu ta zo, ka zare sosan ƙarfen daga salansa, ka rage iskar taya, ka taka birki ka ji ƙarfinsa, sannan ka buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya kafin ka murza makulli.