Gwama Hanyoyin Tattaunawa Wajen Maganin Zullumi Mai Ɗorewa

Likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar zullumi a matsayin cuta idan ya kai wata 6 yana addabar mutum a mafi yawan kwanaki, ta yadda saƙe-saƙen zuci a kan lafiya da kuɗi da iyali za su hana shi barci, su ɗaure masa wuya da kafaɗu, su kuma raba shi da natsuwa. Maganin baki da ya fi karɓuwa shi ne CBT, wato hanyar gyaran tunani da ɗabi'a wadda Aaron Beck ya aza harsashinta a Jami'ar Pennsylvania a shekarun 1960, inda ake koya wa majinyaci auna fargabarsa da hujja da kuma sassauta jiki. Sai dai kusan rabin masu wannan cuta ba sa warkewa sarai da ita, dalilin da ya sa masana suka shiga gwama ta da wasu hanyoyi.

Ba kowace gwamawa ce ta haifar da ɗa mai ido ba. Thomas Borkovec ya yi nazarin cewa zullumi wata mafaka ce da mutum yake ɓuya a cikinta don kada ya fuskanci abin da ke sosa masa rai, saboda haka shi da Michelle Newman suka ƙara wa CBT zama na musamman a kan mu'amala da mutane da fuskantar ɓacin rai. Sakamakon da suka wallafa a 2011 bai nuna wani fifiko mai ƙarfi ba a kan CBT da aka haɗa da saurare kawai.

Gwajin da Henny Westra ta Jami'ar York a Kanada ta jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya ɗauko matsalar daga wani ɓangare, wato turjiyar majinyacin kansa. Da yawa daga masu zullumi sun yi imani cewa damuwar ce take kare su daga aukuwar mummunan abu, ko kuma ita ce shaidar sun damu da iyalinsu, don haka suna son rabuwa da ita kuma suna tsoron sakinta, kuma duk sa'ad da likita ya matsa sai su ƙara kafewa. Westra ta aro hirar zaburarwa, wadda William Miller ya ɓullo da ita a 1983 domin mashaya giya, inda likita yake daina jayayya, ya bar majinyaci ya furta dalilan canji da bakinsa.

A gwajin, mutum 85 masu tsananin zullumi aka raba gida biyu, ɗaya aka yi masa CBT kaɗai, ɗayan kuma aka gwama masa CBT da hirar zaburarwa, kowa ya yi zama 15. A ƙarshen magani gidajen biyu sun yi kunnen doki, amma cikin shekara guda da ta biyo baya waɗanda aka gwama wa hanyoyin sun ci gaba da samun sauƙi fiye da 'yan uwansu. Abin lura shi ne, bayan zama 4 na farko da aka yi na hirar zaburarwa, ba a sake keɓe mata wani lokaci ba, likita yakan koma gare ta ne kawai idan ya ga alamar turjiya, aikin da yake buƙatar horo a kan gane ta tun daga kalamai irin su "na ji, amma".