Nisan Tafiya da Lissafin Lokaci: Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama

Bahaushen dā, in an tambaye shi nisan gari, da kwana yake aunawa. Sai ya ce tafiyar yini ce, ko kuwa zango kaza ne. Mahajjatan da suka bi ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, a bakin Bahar Maliya, da watanni suke ƙirga, wasu ma da shekaru, domin sukan yada zango su yi noma ko sana'a su ƙara guzuri. A yau da sa'o'i ake ƙirgawa, sai dai lissafin yana da wata 'yar sarƙaƙiya wadda ya kamata a warware.

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, wato wajen mil 2,100, in an miƙe sosai. Jirgin fasinja yakan ci kamar kilomita 850 a sa'a guda bayan ya daidaita a sama. In muka raba, sa'a huɗu ke nan. To, amma jirgi a hankali yake hawa, a hankali yake saukowa, wani lokaci har ya yi ta shawagi yana jiran izinin sauka. Ga kuma iska, wadda takan tura shi gaba ko ta tokare shi. Shi ya sa tafiyar takan kai sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Hanyar ma ba kullum take miƙewa ba: yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tilasta wa jirage kauce wa sararin ƙasar, tafiya ta ƙara tsawo.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen agogo. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Jidda kuwa tana gabas da Kano da digiri 30 da 'yan kai, saboda haka agogonsu yana gaba da namu da sa'a biyu. Lokutan da ake rubutawa a tikiti, kowanne na garinsa ne. Alal misali, wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi sa'a huɗu da rabi a sama, zai tarar ƙarfe 4:30 na yamma ne a Jidda, sai ya zaci sa'a shida da rabi ya yi. A dawowa kuma sai ya ga kamar biyu da rabi.

Mu kwatanta da Landan. Ta fi Jidda nisa, domin kusan kilomita 4,500 ne daga Kano, amma da yake arewa aka nufa, bambancin agogo sa'a guda ne kacal a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuwa babu bambanci sam.

Don haka matafiyin da ya nufi gabas ya sani yininsa zai gajarta, lokutan salla su matso, mai azumi kuma ya riga mutanen gida shan ruwa. Da zarar ya sauka ya gyara agogonsa, kada jirgin komawa ya tashi ya bar shi.