Tabkin Cadi: gaɓar da ba ta zama wuri guda

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma ba ya ja da baya banza. Tabkin Cadi, wanda Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka yi tarayya a kansa, ya daɗe yana ba masana aiki, domin gaɓarsa tana tafiya tana komowa.

A shekarar 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ruwa yana kusa da garin Ngigmi. Da farin 1973 ya zo, sai wani tudu da ke tsakiyarsa ya bayyana, ya raba shi gida biyu: kwarin kudu da kwarin arewa, inda rabon Nijar yake. Bayan farin 1984 kwarin arewa ya yi ta ƙafewa ƙurmus, masunta suka zama manoma a inda dā suke jefa taru.

Me ya sa haka? Masu bincike sun kafa ma'aunai a bakin ruwa, daga baya suka riƙa duba hotunan tauraron ɗan Adam, suka gano dalilai uku. Na farko, tabkin kamar faifai yake, ba kamar rijiya ba: ba shi da zurfi, ƙasansa shimfiɗe take. Saboda haka in ruwa ya ragu da kamu ɗaya, gaɓa na iya matsawa nesa ƙwarai. Na biyu, wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga kogin Shari yake, wanda ke fitowa can kudu. Komadugu Yobe da ke ratsa jahar Difa kaɗan yake ƙarawa. Na uku, rana da iska suna shanye kimanin mita 2 na ruwan kowace shekara. Ke nan damanar ƙasashen kudu ita ke yanke hukunci. Sai kwarin kudu ya cika ya tumbatsa, sannan ruwa ya ƙetara tudun ya iso gare mu, cikin sanyi, bayan damana ta wuce.

Binciken ya nuna kuma cewa tabkin bai mutu ba. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya riƙa komowa, har aka yi manyan ambaliya a 2022 da 2024.

Ga darasi ga manomi. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari tana da danshi da taki, tana ba da masara da wake ba tare da ban ruwa ba. Amma aro ce, mai ita zai dawo. Kada a kafa gida ko rumbu a cikinta, a nemi tudu. Fili guda bana na masunci ne, baɗi na manomi, wata shekara na makiyayi. Ya kamata hakimai da dattawa su zauna kowace shekara su tsaga burtali tun kafin shuka, don kauce wa husuma.

Ta fannin lafiya, kududdufan da ruwa ke bari su ne matattarar sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. A hana yara wanka a cikinsu, a kwana cikin gidan sauro, a tafasa ruwan sha. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita ba da jinkiri ba, maganin yana nan.

Wannan gargaɗi bai tsaya ga mutanen Difa ba. Masu noman rani a bakin tabkin Madarunfa da na Tabalak su ma su riƙa lura da inda ruwa ya tsaya kowace shekara, su kafa alama, su rubuta a littafi. Amfanin karatu ke nan.