Takardar Gwajin Jini: Abin da Mai Allurar Insulin Ya Kamata Ya Sani

Mutanenmu na Likoro da Hunkuyi da Kudan, har zuwa Makarfi da Ikara, idan ciwon suga ya matsa musu, Zariya sukan nufa, ko dai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko kuwa na Wusasa. Sukan komo gida da kwalbar insulin da kuma takarda cike da lambobi. Kwalbar ana lura da ita, takardar kuwa sai a ninke a jefa cikin akwati. Alhali rashin gane lambobin nan yana iya kai mutum ga halaka da maganin da aka ba shi domin ya rayu.

Insulin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke yin sa domin ya shigar da suga daga jini zuwa tsoka. Yana cikin dangin magungunan da ake kira feftayid, watau ƙananan sarƙoƙi na sinadarin gina jiki. Shi ya sa ba a haɗiyarsa, gama ciki zai narkar da shi kamar nama. A shekarar 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da shi a Toronto ta ƙasar Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson. Allurar Ozempic da ake yi sau ɗaya a mako ita ma 'yar wannan dangi ce.

Abu na farko, mai karatu, ka duba mudun da aka yi awo da shi. Wasu na'urori suna rubuta mg/dL, wasu kuwa mmol/L. Lambar mmol/L idan ka ninka ta sau 18 ita ce ta mg/dL. Watau 7 a wannan mudu daidai yake da 126 a wancan. Wanda ya saba ganin 120 a 'yar na'urarsa ta gida, ranar da ya ga 6.7 a takardar asibiti kada hankalinsa ya tashi. Awo ɗaya ne, kwano ne ya bambanta.

Abu na biyu, iyakar da aka buga a gefen takarda ta mai lafiya ce. Wanda ba shi da ciwon, idan ya kwana bai ci kome ba, sugansa yakan tsaya tsakanin 70 da 99. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita gwajin an sami haka, ciwon suga ya tabbata. Amma mai shan magani nasa ma'aunin dabam ne. Ga yawancin manya ana neman 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan awa biyu da fara ci. Tsoho, ko mai ciwon zuciya, likita yakan sassauta masa, mace mai ciki kuwa a tsananta. Saboda haka in ka ga 125 da safe, kada ka ƙara allura da kanka wai don ka kamo 99.

Dalili kuwa shi ne, faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa. Ƙasa da 70, watau 3.9, hatsari ne. Alamunsa su ne gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, faɗuwar gaba da ruɗewa. Manomin da ya yi allura ya fita gona da sassafe ba karin kumallo, shi ne ya fi shiga wannan hali. Nan take a ba shi ƙaramin cokali uku ko huɗu na suga a ruwa. Mu da Allah ya hore wa rake, guntun mazarƙwaila a aljihu ya isa. A jira minti 15 a sake awo, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a garzaya da shi asibiti. Mai niyyar azumi kuma, ko wane iri ne, ya fara ganin likita tukuna.

Akwai gwajin da ake rubutawa HbA1c. Ƙwayoyin jan jini sukan rayu kamar kwana 120, suga yana manne musu, don haka gwajin yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Na mai lafiya ƙasa da kashi 5.7 ne, 6.5 alamar ciwo ce, mai magani kuwa galibi ƙasa da 7 ake nema masa. Sai dai a ƙasarmu akwai abin lura. Mai amosanin jini, da mai ƙarancin jini, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, wannan gwaji yana iya yi musu ƙarya. Ka faɗa wa likita in kana cikinsu.

Kada kuma a manta da gwajin ƙoda, wanda ake kira kiriyatinin, aƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙoda tana cikin masu fitar da insulin daga jiki. In ta raunana, allurar takan daɗe tana aiki, sai adadin da ya yi daidai bara ya zama ya yi yawa bana.

'Yan'uwa, ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta rana da lokaci da lambar da kuka gani, da ko kafin ci ne ko bayansa. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ko jikansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Ku tafi da shi duk ranar ganin likita, ku kuma tambaye shi kai tsaye: "Likita, ni tawa lambar nawa ce?" Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.