Ɗibar Samfurin Ƙasa a Tsohon Gidan Mai

1.0 Gabatarwa

A Hausa, ƙazanta aba ce da ido yake gani, gurɓata kuwa takan ɓuya a cikin abin da yake tas a ido. A kan wannan bambanci aka gina aikin da wannan maƙala za ta bayyana, wato ɗibar samfurin ƙasa a filin da gidan mai ya tashi, kafin a gina gida ko a haƙa rijiya a wurin.

2.0 Tushen Gurɓatar

Gidajen mai suna adana fetur a tankunan ƙarfe da ake binnewa. Idan tanki ya yi tsatsa ko bututu ya tsage, mai yakan yi shekaru yana tsiyaya ba a sani ba. Da yake bai kai ruwa nauyi ba, in ya iske ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya kwanta a samansa, ya bi shi har rijiyoyin maƙwabta. Abubuwan da aka fi tsoro su ne sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, da dalma, wadda aka daina sayar da fetur mai ɗauke da ita a duniya a 2021, amma ba ta ruɓewa a ƙasa.

3.0 Yadda Ake Ɗiba

Da farko akan binciki tarihin wurin, a gano makwancin tankuna da hanyar bututu da mazaunin famfuna. A nan ake huda ƙasa, a ɗiba a zurfi daban-daban har a wuce gindin tankin. Akan kuma ɗebo wani samfurin daga nesa domin kwatanci. Tunda benzin mai saurin tashi ne a iska, sai a zuba ƙasar nan take a kwalabe, a toshe, a ajiye a sanyin digiri 4. Kowace kwalba akan rubuta mata wuri da zurfi da rana, kuma akan wanke kayan aiki tsakanin rami da rami.

4.0 Kammalawa

Ɗakin gwaji ba ya auna fili, abin da aka kai masa kawai yake aunawa. Saboda haka samfurin da aka ɗiba a sama-sama, ko nesa da tanki, yakan wanke filin da yake da guba, har jama'a su sha ruwansa da kwanciyar hankali.