Layi Biyu A Shago, Waya Ɗaya A Teku

Wanda ya nemi mai POS a Gyadi-Gyadi ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 zai tuna amsar da ya yi ta sha: "Babu sabis." Muna cikin azumi wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a kusa da gaɓar Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Glo-1 ta tsira, shi ya sa wasu ba su ji a jikinsu ba.

Ofis ko kafe mai hankali yana haɗa layi biyu a kan na'urar tsaro, wato fayawol. Tana aiki da layin farko, tana kuma aika ɗan saƙon ping akai-akai don ta ji ko yana da rai. In shiru ya yi yawa sai ta koma na biyu da kanta, ba sai wani ya taso ya zare waya ba. MikroTik tana gwadawa duk bayan sakan 10, in ta rasa amsa sau biyu a jere ta ɗauka layin ya mutu.

Amma wa take tambaya? A nan na sha kunya lokacin da nake SIWES a wani kafe da ke Darmanawa. Na saita ta tana gwada modem ɗin da ke kan teburinmu. Intanet ya ɗauke daga wajen kamfani, modem kuwa fitilarsa na ci, yana ta amsawa. Fayawol ta ce lafiya lau, layi na biyu na zaune a banza, masu cike fom suka tashi suka bar mu. Adireshi na nesa ya kamata in ba ta, irin 8.8.8.8 na Google.

Sabar furoksi ma tana da nata tarkon. In Squid na zaune a cikin pfSense, babbar ƙofar na'urar take bi, ba dokokin da ka rubuta wa kwamfutocin ɗaki ba. Sai ka saita ƙofar ita ma ta riƙa sauyawa. Kuma a lokacin sauyin adireshinka na IP yana canzawa, don haka wani shafin zai kore ka, sai ka sake shiga.

Masu shirin buɗe kafe bayan difloma, kafin ku biya kuɗin layi na biyu ku tambayi kamfanin ta wace wayar teku yake fita. In tasu ɗaya ce da ta na farko, rana ɗaya za su ɗauke.